Ledar Maganin Mannir

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Kai mai buɗe littafin mutane ba da izini ba, tunda ka riga ka buɗe, zauna in ba ka aikin yi. Wane baƙo ne ake sallamarsa tun bai yi sallama ba? Kacici-kacici ne, yi ta juya shi. Ni ma yau na kwaso shi a Gusau, a bakin wata yarinya mai farar riga da na tabbata na girmi uwarta, kuma har yanzu raina bai huce ba.

Ni ce Indo ta Tsafe, matar marigayi Malam Lawwali. Aji huɗu na yi, sauran na ƙarasa a yaƙi da jahilci. Wanda ya ga kuskure ya gyara a cikinsa ya yi shiru.

Na sayi littafin nan ne don an rantsar da ni kada in gaya wa kowa, takarda kuwa ba kowa ba ce. Mannir ne ya rantsar da ni, jikana, angona, ɗan shekara ashirin da takwas, mai aiki a kamfanin waya a Abuja. Shekaranjiya ya faɗo min da jaka, ya ce ya ɗauki hutun sati uku, kuma kada ubansa da ke Nahuce ya san yana gari.

Na ce, "Ango, mi ka sato?"

Ya ce, "Amarya, zanen fuskata zan goge."

Na ce, "Da mi? Da soso?"

Ya ce, "Da leza."

Ni reza na ji. Na ce aska ta yi, reza ta goge, ashe hauka Abuja ke koya wa mutane. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki, wai leza haske ce, wata na'ura mai ƙone fatar sama don sabuwa ta fito. To ina bambancin? Wancan yanka, wannan ƙuna.

'Yan baka uku-uku ne gare shi, da bille ɗaya a kuncin hagu da ya gangaro daga ƙasan ido. Zanen kakansa ne sak. Ni na riƙe shi ranar suna wanzami ya yi, uwarsa, Allah ya jiƙanta, tana ɗaki tana kuka a bar mata yaro haka. Yanzu wai abokan aikinsa Sabis suke kiransa, don zanen ya yi kama da layukan nan na saman waya. In ya shigo ofis sai su ɗaga wayoyinsu su ce sabis ya dawo. Shekara huɗu yana taya su dariya, ya ce ya gaji. Na ce ba sai ka mari ɗaya ba, sauran su shiga hankalinsu?

Yau ya ja ni wani asibiti a Gusau, na kuɗi ne, wai dole sai da wanda zai kula da shi a gida. Likita Wasila sunanta, daga Kaduna take zuwa da na'urarta. Ta tambaye shi ko ya taɓa yin ƙurajen leɓe, masu ruwa-ruwan nan da ke fesowa bayan zazzaɓi. Ya kalle ni.

Na ce, "Yo wannan ai ba ciwo ba ne, 'yar nan. Zazzaɓi ne ke fita ta baki. Yana ƙarami duk damina sai ya yi, mu har murna muke yi."

Sai ta gyara zama ta fara wani dogon karatu a kan jijiya da ƙwayar cuta. Ban tsaya ji ba, takalminta nake kallo, mai tsini kamar za ta huda ƙasa. Abin da na kama shi ne, zai fara shan maganin ƙurajen nan gobe, kwana ɗaya kafin aikin, sau uku a rana har kwana goma.

Na ce, "A sha maganin ciwon da bai zo ba?"

Ta ce e. Shi ne ta jefo min waccan maganar ta baƙo, tana murmushi, sai ka ce ni ce jikar.

Sunan maganin dogo ne, ni dai abin da kunnena ya ɗauka sunan mata biyu ne, Asabe da Kulu. Ƙwayoyi ne farare a 'yar ledar asibiti mai hoton rana da wata. Ta damƙa min a hannu ta ce, "Inna, amanarki ce, maza ba sa tuna magani."

Shekara saba'in ina raye, ban taɓa ganin an shafa wa lafiyayyar ƙafa magani don za ta yi tuntuɓe jibi ba.

Talata, 6 ga Mayu, bayan azahar

Ya sha ɗaya da safe. Lafiyarsa ƙalau, ya cinye kwanon waina ya nemi ƙari.

Da hantsi Dije ta zo, mai nono, ƙawata tun muna 'yan mata, daga rugarsu ta bayan gari. Ta shigo ta rufe rabin fuska da mayafi.

Na ce, "Ke Bafulatana, da tsufanki kike amarci?"

Ta ce, "Bari ke dai, Kaɗo." Ta janye mayafin.

Subhanallahi. Leɓenta sama da ƙasa ya feso, ya kumbura, ya tsattsage. Zazzaɓi ta yi makon jiya. Kwana uku ke nan tana yawo da ƙwarya ba wanda ya saya, da sun ga bakin sai su ce Allah ya sawwaƙe su wuce gaba. Jikoki huɗu take riƙo tun harin da aka kai rugarsu bara. Ta sa ludayi a baki don ta nuna min ba komai, sai ga hawaye.

To. Ga mai ciwo zaune a tsakar gidana. Ga mai lafiya a ɗaki yana danna waya, yana shan maganin ciwonta. Kai mai leƙe, in kai ne fa?

Na shiga ɗaki na fito. Dije ta tafi da ƙulli a bakin zane tana sa min albarka. Ledar Mannir tana nan cike, farare tas, kamar yadda aka ba ni. Kwalbar farasitamol ɗina ce dai ta koma fanko. Farasitamol kuwa ko ba komai yana maganin abin da mutum ke ji a jikinsa.

Na rana ya sha. Fari dai fari ne.

Laraba, 7 ga Mayu, da la'asar

An yi. Mun fita da sassafe don mu dawo da wuri, kowa ya san hanyar nan ba a yi mata yamma.

Suka sa shi a ɗaki suka rufe ƙofa, ni aka ajiye ni a benci kamar buhun da ba a zo ɗauka ba. Sai wani tas-tas-tas, sai wari kamar ana babbakar kan rago ranar Sallah. Na tashi zan shiga, nas ta tare ni, wai hasken na kashe ido. Na ce ke, fuskar da kuke gasawa a ciki ni na fara wanke ta a duniya.

Kafin a rufe ƙofar na ji likita tana tambayarsa ko ya fara shan maganin. Ya ce, "Tun jiya, sau uku. Amarya ba ta fashi." Ni ba a tambaye ni ba.

Ya fito kunci jajur kamar an ɗaye tumatir, sai ƙyallin mai. Na nemi Malam Lawwali a fuskar ban gan shi ba. A mota na juya ina kallon gonaki, na ce masa iska ce ke sa min ruwan ido.

Dokoki kuwa sun fi na aikin Hajji. Kada rana ta taɓa shi, kada ya sosa, a wanke da tafasasshen ruwan da ya huce, a shafa mai da tsabtataccen hannu. Duk zan yi. Ni ba a taɓa kama ni da sakaci ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan magariba

Ya sha, sau uku. Fari dai fari ne.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan azahar

Bai je masallaci ba saboda rana. Maƙwabta sun fara leƙe, wai wa ke ɗakin baƙi da labule a sake? Na ce angona ne ke zaman lalle, wadda ke son gani ta kawo tukwici. Daga ciki ya ɗaga murya ya ce, "Tsohuwa, in na fito fes sakinki zan yi in auri 'yar Abuja." Na ce wace 'yar Abuja ce za ta kwashi gasasshen miji?

Muhammad Sani ya kira, ubansa ke nan. Shi ne na biyu a 'ya'yana, don haka ina iya faɗin sunansa har in ɗaga murya. Ya ce ko na ji daga Mannir, kwana biyu ba ya ɗaukar bidiyo. Na ce ina jin muryarsa kullum. Ƙarya na yi?

Lahadi, 11 ga Mayu, da hantsi

Tun jiya yake cewa gefen bakinsa na tsikararsa, kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fata. Yau wurin ya yi 'yan ramuka-ramuka kamar an caccaka da tsinke, suna tsatsar ruwa. Ya ce zafin ya fi na ranar aikin.

Ya kira Likita Wasila a bidiyo, ta riga ta koma Kaduna. Ya kanga wayar a kuncinsa. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Kana shan farin nan?"

Ya ce, "Ko sau ɗaya ban tsallake ba."

Ta ce, "To in kana sha, da wuya ya zama abin da nake tsoro. Wataƙila datti ne ya shiga. Da wane tawul ake goge maka? Ruwan ana tafasawa kuwa?"

Datti! A gidana! Ni Indo da ake aron tukwanena ranar biki don ƙyallinsu! Ni da nake tafasa ruwan nan har sai ya kusa ƙonewa, nake wanke hannu har fatar ta yi yaushi. Yarinya tana zaune a Kaduna cikin sanyin fanka tana duba tawul ɗina ta waya. Ta rubuta wani kafso ja da baƙi da wani man shafawa, aka sayo.

Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da tire duk lokacin nan. Ba wanda ya ce, Inna, ke me kika gani? Da an tambaye ni ai da na yi magana. Ba a tambaye ni ba.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan azahar

Dije ta zo. Baki ya bushe, ta sayar da nononta kaf tun kafin rana ta take, ta kawo min curin man shanu. Tun daga ƙofar gida take kwarara murya, "Indo! Wanga magani naki ai sai a kai shi Makka a yi masa ɗawafi!"

Na tura ta zaure da sauri har ƙwaryar ta kusa kifewa. Daga ɗaki Mannir ya ce, "Wane magani?" Na ce na basir, kana so?

A zaure na yi ƙasa da murya na ce, "Da saura?"

Ta ce, "Saura? Matar Buba maƙwabcinmu ta feso, ɗiyarta ma haka, na raba musu. A zauna da magani a ƙulle mutane na ciwo?"

Na so in zage ta, sai na rasa ta inda zan fara, don bakina ne ke magana a bakinta.

Na yafa gyale na tafi kemis. Na ce a ba ni Asabe da Kulu. Mai kemis ya ce, "Hajiya, nan magani muke sayarwa, ba aure muke ɗaurawa ba." Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya. Na nuna masa ledar, rubutun likita kamar kaza ta bi ta kan tawada, shi ma ya kasa karantawa. Ya ce in kira likitar ta faɗa masa. Na ce ba ni da kati.

Ina da kati.

Na dawo na ba shi na rana. Ya sa hannu ya karɓa bai ko duba ba. Wannan rashin dubawar ya ba ni haushi. Ƙato da kai, mai digiri, a miƙo maka abu ka haɗiye?

Talata, 13 ga Mayu, da sassafe

Ciwon ya hau billen. Ya bi layin nan sak har ƙasan ido, fatar idon ta kumbura ta rufe. Jikinsa kamar garwashi.

Bai ce Amarya ba. Ya ce, "Inna, ina jin tsoro."

Talata, da la'asar, a asibiti

Sun kwantar da shi. Wani likita namiji ya sa masa ƙarin ruwa da allurar kashe datti, ya ce Likita Wasila na hanya gobe. Kowa ya shigo sai ya tambayi Mannir ko ya sha farin, shi kuma ya ce e da bakin da ba ya buɗuwa sosai. Shi suke ta tambaya. Mara lafiya suke wahalarwa da tambaya, ga ni zaune a kujera da lafiyata.

Na kira Muhammad Sani. Rantsuwar da aka sa ni ta ɓoye zane ce, ba ta ɓoye ido ba.

Ledar tana ƙulle a bakin zanena. Ban san 'yar leda na iya nauyi haka ba.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan azahar

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari ba ragi, wanda zai zage ni ya zaga.

Muhammad Sani ya iso daga Nahuce da ƙurar gona a ƙafarsa. Ya leƙa fuskar ɗansa ya yi salati, sannan ya fara. "Ka ƙi fuskar ubana, ga wadda ka zaɓa! Ke kuma Inna, da ke aka haɗa baki?" Na ce ka rage murya, nan ba kasuwar Bungudu ba ce.

Likita Wasila ta shigo, yau ba takalmi mai tsini, silifas ne, idonta ya faɗa. Ta haska fuskar da 'yar fitila. Muhammad Sani ya juya kanta, wai ta ƙone masa ɗa, sai ya kai ta gaban hukuma. Ta bar shi ya gama.

Ta ce, "Baba, abin da nake gani ƙwayar ƙurajen leɓe ce ta bazu a sabuwar fata. Amma ya sha maganinta kwana takwas ba fashi. Ke nan ko dai tasa ba ta jin maganin, ko kuma jabu aka ba mu. In ba ta ji, wanda ke hannuna ba zai yi masa amfani ba, ido kuma ba ya jira. Ku shirya, Sakkwato za a wuce da shi yau." Ta juya ga nas ta ce a kira mata yarinyar da ta ƙirga maganin a leda.

Aka kawo yarinyar. Ba ta fi sa'ar autata ba, tana rantsuwa daga kwalinsa ta zuba.

Ni dai ban san lokacin da na kwance bakin zanena ba. Na ajiye ledar a kan gado na ce, "Ku bar 'yar mutane. Ki duba wannan."

Likita ta zazzage ɗaya a tafinta, ta juya bayanta, ta kai kusa da ido.

"Inna, wannan farasitamol ne."

Na ce, "Na sani. Nawa ne."

Na ce na ba Dije, mai ciwon gaske, mai jikoki huɗu. Na ce ni a saninmu magani na mai ciwo ne, kuma ba a taɓa hana maƙwabci abin da ke ƙulle a ɗaki ba. Na faɗi duk wannan da ƙarfi, ina jiran ta yi min tsawa in rama.

Ta ce, "Guda nawa ya sha na gaskiyar?"

Na ce, "Ɗaya."

Sai ta ce, "Alhamdu lillahi."

Wallahi haka ta ce. Ta ce in bai sha ba, to maganin bai gaza ba, ba a ba shi dama ba ne. Ta soke tafiya Sakkwato, ta ce a kawo na jijiya yanzu-yanzu, a kira likitan ido. Suka hau kai da kawowa, suna zagaye ni kamar turmi a tsakar gida. Ko harara ba ta yi min ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi, rashin zagin nan wulaƙanci ne.

Muhammad Sani ya tuna ni na haife shi, ya fita.

Mannir ya kalle ni da idon da ke buɗe. Ya ce, "Ranar Lahadi kina tsaye da tire."

Na ce, "Ba a tambaye ni ba."

Ya ce, "Don zanen ne, Inna?"

Na ce, "Don Dije ne."

Ya juya fuskarsa bango.

Alhamis, 15 ga Mayu, da hantsi

Na dama kunu. Ya karɓa a hannun nas.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Kwana uku bai ce min uffan ba. Ni da na goye shi har bayana ya goge. Sababbin ƙuraje sun daina fitowa, haka nas ta gaya wa ubansa, ni a bakin taga na tsinta.

Ba don zanen ba ne. Don Dije ne. Duk wanda ya ga bakin Dije ranar nan zai yi abin da na yi.

Amma tun jiya wata tambaya ke bina har kan sallaya. Da a ce aikin ƙafa za a yi masa, ko na haƙori, aka damƙa min leda aka ce amana, da na kwance ta? Da na zauna na juye farasitamol ɗaya bayan ɗaya don kada a gane? Mai kyauta ai ba ya ɓoye wurin da ya ɗiba.

Ban so aikin nan ya yi kyau ba. Ban so ya cutu ba, Allah shaida, amma ban so ya yi kyau ba. Ko wannan ne ya ja hannuna, ko tausayin Dije, ban sani ba.

Na rufe littafi, biron ma ba ya rubutu sosai.

Litinin, 19 ga Mayu, da hantsi

Likitan ido ya ɗiga masa wani ruwa, ya haska da shuɗiyar fitila. Bai shiga ƙwayar idon ba. A bakin fatar ya tsaya, tazarar bai fi ƙwayar gero ba.

Na fita bayan ɗakin na yi sujada a kan siminti. Wata mai shara ta ce, "Hajiya, alƙibla can take." Na ce wanda nake yi dominsa ya san inda na nufa.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan azahar

An sallame shi. Nahuce ya bi ubansa. Nahuce! Gidan da ko ruwan shayi ba sa bari ya tafasa.

Kafin mu fita Likita Wasila ta tsayar da ni. Ta sake yin karatun nan na ranar farko daga tushe, a hankali. Wannan karon fuskarta na kalla. Ta rubuta min sunan maganin da manyan baƙaƙe, ta ce in gaya wa Dije da mutanenta su je a duba su a ba su nasu, kada a sake raba na wani. Na ce ai da tun farko kin yi bayani haka. Ta ce, "Na yi, Inna." Yarinyar nan ba ta da kunya.

Na dawo Tsafe ni kaɗai. Jakarsa tana ɗakin baƙi. Ban taɓa ba.

Lahadi, 25 ga Mayu, da hantsi

Ina tankaɗe na ji an yi sallama. Shi ne, da hular malafa saboda rana, motar Abuja na jiransa a bakin titi. Na ce jakarka na inda ka bar ta. Bai shiga ɗakin ba, ya ja turmi ya kife ya zauna a gabana, ya cire hular.

Na duba. Na dama sun dushe, sai an matso ake ganin 'yan bakan. Na hagu kuwa, inda billen yake, baƙaƙen tabo ne ɗigo-ɗigo tun daga gefen baki har ƙasan ido. Idon dai na nan, yana kallona, biyu cif.

Ya ce, "Sau biyu ke nan kina min zane. Na farko da wanzami, na biyu da farasitamol."

Na ce, "Wancan na kakanka ne. Wannan nawa ne."

Ya ce, "Na karanta littafinki. Ranar Litinin kin bar shi a kan kujera kin fita sujada."

Na ce, "Ɓarawo! Da ido ɗaya da rabi?"

"Da shi. Duk shafukan faɗa ne, sai na Asabar. Da kin tsaya a kan don Dije ne, da aike zan yi a ɗauko min jakar."

Na ci gaba da tankaɗe, rariyar ba komai a cikinta. Na ce, "Yanzu mi za su kira ka a ofis?"

Ya ce, "Sabis ya ɗauke, saura ɗigo-ɗigo." Ya ce likita ta ce bayan wata shida, in fatar ta huta, za a iya rage tabon. "Nan zan sauka. A kwalinsa zan kawo maganin, kowace ƙwaya a rufe da hatiminta. Ke za ki ba ni. Amma Dije a zaure za ta tsaya."

Na ce, "Har yanzu ni?"

Ya ce, "Wa nake da ita, Amarya? 'Yan Abuja ba sa kwasar gasasshen miji."

Direba ya yi ta danna oda. Ya ɗauki jaka, ya kai ƙofa ya juyo, ya ce in rubuta amsar kacici-kacicin, ba a barin mai leƙe a rataye.

To ga ta.

Ƙwayar ƙurajen leɓe ce. Ba ta sallama don ba daga waje take zuwa ba. Tun mutum yana yaro take shiga, ta kwanta a jijiyar fuska, ba ta fita har ya mutu. Zazzaɓi na tashinta, zafin leza na tashinta, in ta tashi ta tarar da fata a buɗe sai ta bi ta ko'ina har ido. Maganinta asaikulobiya, ana fara sha kwana ɗaya kafin aiki, mutum yana lafiya ƙalau, a sha har ya ƙare, kuma wanda aka rubuta wa shi ke sha.